Irin Matta Ya Hau Jirgin Nguru

Falanko, 2 ga Maris 1974

Kawu Dawuda,

Kana da rai kuwa? In kana da rai, hannunka ne ya karye, ko tawada ce ta ƙare a Nijeriya duka? Wannan ita ce takardata ta uku.

Bari in yi gaisuwa kada ka ce ba a hore ni ba. Ina gaishe ka, ina gaida Inna Rabeka da yara. Mu nan da sauƙi, wato ba wanda ya mutu a gidanmu makon nan. Kakata Matta, gwaggonka, tana nan. Idanunta sun kusa rufewa, amma bakinta lafiya lau.

Ga maganar. Falanko ba iri. Bara ko dami ɗaya ba mu ɗaure ba. Mutane sun cinye na rumbu, a ƙarshe suka kwance irin da ke rataye suka daka. Yanzu jar dawar taimako muke ci, wadda jaki ma sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Bariki, wato ofishin gwamnati, sun ce za su raba iri, amma na gan shi a Tanut: geron kudu ne, mai son kwana ɗari da ruwa kamar rafi. Mu ruwan wata biyu muke samu in an ji tausayinmu. Gajeren geronmu na Damargu, mai kwana saba'in, shi ya san halinmu.

Matta ta ce shekarar da ka tafi aikin reluwe ta ba ka zabira cike da irin nan. Kai ma ka taɓa rubuto cewa Inna Rabeka na shuka shi bayan gidajen ma'aikata a Nguru. To ka maido mana abinmu kafin ruwa ya sauka. In ya kai Kano, Abdu mai kamiyo zai kawo shi Damagaram a babbar motar tasa, ni in ɗauka daga can.

Roƙo ɗaya. Ni ke karanta wa garin nan takarda a gindin aduwa, gaban maigari, tunda ba wani mai boko. Takardarka ta bara, muna tsakiyar yunwa, shafi biyu ka cika da yadda jirginka ke huci. Dattawa biyu sun yi barci. Nan ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa, ba kuma wanda ya tambaya. Ka rubuto e ko a'a.

Ɗanka,
Yahuza

*

Nguru, 28 ga Maris 1974

Ɗana Yahuza,

Alherin Allah ya kasance tare da kai. Ina da rai, hannuna ma yana nan. Muna lafiya, sai ƙafar Rabeka da ke kumbura in ta daɗe tsaye. Ka durƙusa ka gaida mini Gwaggo Matta. Takardunka duka uku tare na same su, sun yi ta zama a Kano cikin akwatin ma'aikata. Bakinka kuwa na uwarka ne, Allah ya ji ƙanta, ita ma da faɗa take fara sallama.

Amsa e ce. Da na karanta wa Rabeka sai da ta yi kuka. Tana da dammuna da ta ware, irin zabirar nan ne, shekara ashirin da ɗaya bai gauraya da wani ba. Matan majami'armu za su taya ta sussuka. Za ku sami buhu biyu. Ba zan sa shi a taragon kaya ba, don a shekarar yunwa buhun hatsi ba ya isa inda za shi da cikinsa cike. A kan jirgi zan ɗauke shi, kusa da ni, idona a kai.

Ka ce kada in yi maganar jirgi. To me zan faɗa, ɗana? Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai na bar gona, abin da na sani ke nan. Injin tururin da ke jan jirginmu, Ƴar Baƙa muke kiranta. Ni ke ciyar da ita kwal, Sulemanu ke tuƙa ta. Ba a zuba mata kwal kamar ana cika rami. A murhunta kusurwar hagu ta baya ta fi ci, in ka manta da ita sai tururi ya faɗi a kan hawa. Tana shan ruwa a Birniwa, ta sha a Malam Madori, ta sha a Ringim. Duk ƙauyen da muka tsaya mata na fitowa da kwanoni a tsiyaya musu ruwan zafi, wasu su roƙi garwashi. Babban layi ya koma na dizal, mu na reshe aka bari da tsofaffi. Dizal ba ya ba kowa garwashi.

Ka ga, rabin shafi kawai.

Kawunka,
Dawuda

*

Falanko, 26 ga Afrilu 1974

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ƙafar Inna Rabeka sauƙi. Matta ta yi tari kwana huɗu, ya wuce.

Na karanta takardarka a gindin aduwa. Da na kai ga «buhu biyu» mata suka yi guɗa. Da na kai ga Ƴar Baƙa sai na tsallake zuwa «Kawunka Dawuda», kowa ya tashi da farin ciki. Haka zan riƙa yi, ka sani.

Wata guda ke nan. Ina buhunan? Sussuka ce ko ginin birni? Sojoji sun hau mulki a Yamai, gwamnati guda ta sauya, irinka bai bar Nguru ba. Gidaje ashirin da bakwai sun ƙi karɓar irin bariki saboda maganata. Dodo ne kaɗai ya karɓa. Ka tuna shi, mai gona bakin rijiya? Kullum in na wuce sai ya ce, «Malam Boko, jirgin naka ya iso? Na ji kamar usur.» Ranar da na tanka masa za a yi abin da ba a so.

Ka tura, don Allah. In Ƴar Baƙa ta gaji, ka ɗora a jaki.

Yahuza

*

Kano, 9 ga Mayu 1974

Ɗana Yahuza,

Salama gare ka da dukan gida. Ina lafiya, Rabeka ma ƙafar ta saɓe. Ka gaida Gwaggo.

Kwantar da ranka. Yau da hantsi na damƙa wa Abdu mai kamiyo buhu biyu hannu da hannu. Ranar Talata zai sauke a tashar Damagaram. Bakin buhunan ɗinkin Rabeka ne da jan zare, in ka ga wani ɗinki a ɗaya gefen nawa ne.

Yanzu ka bar ni in ba ka labarin Ƴar Baƙa, don ta yi abin yabo. Mun tashi Nguru da tarago goma sha huɗu, shanu da fatu da busasshen kifi. Kwal ɗin ranar duk gari ne, in na watsa shebur rabi ke fita ta bututun hayaƙi, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya mana a hanya ba. A Malam Madori muka tsaya shan ruwa. Ina sama riƙe da bakin famfon tanki, ƙafata ta zame a kan kwal, famfon ya kauce, ruwa ya kwarara kan buhunan da na jingina a baya. Sulemanu ya leƙo ya ce, «Dawuda, ka yi wa Damargu damina tun a buhu.» Ban yi dariya ba, don jiƙaƙƙen hatsi a zafin nan kwana biyu ya isa ya yi funfuna. Amma mai jirgi ba ya rasa wurin shanya. Da muka shiga Kano aka ajiye ta da wutarta, sai na shimfiɗa kwanon rufi a kan tukunyar tururinta, inda muke busar da rigunanmu da kifi. Na baza geron kaɗan-kaɗan ina juyawa da shebur, yini biyu. Ya bushe ƙarau, har ƙamshin tumu yake yi, ko ƙwaro ɗaya bai rage ba. Ka ga ita ma ta sa hannu a taimakon Falanko. A kan hanyar zuwa kuma wata saniya ta kwanta mana a layi kusa da Gagarawa, Sulemanu ya yi usur har ya gaji, sai da na sauka na murɗa mata wutsiya.

Allah ya ba ku damina mai albarka.

Kawunka,
Dawuda

*

Falanko, 2 ga Yuni 1974

Kawu Dawuda,

Gaisuwa mai yawa, wannan karon da zuciya ɗaya. Kowa lafiya. Matta ta ce Allah ya yi maka albarka, kai da Rabeka.

Iri ya iso. Na kwana biyu a tashar Damagaram ina jiran mota, ban ɓata lokacin ba. Wani ma'aikacin gona ya ba ni jan garin magani da ke hana ƙwari da ɓera cin iri a rami, na karanta takardar jikinsa da kaina, na juye buhunan na cakuɗa tun a can. Daga bakin hanya Rissa mai dako ya ɗauko mana a raƙuminsa.

Sai da muka yi faɗa da Matta. Wai sai ta sa ƙwaya a baki ta ciza, ta kuma ɗaure kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku ta ga tsiro, wai haka ake karɓar baƙon iri. Na ce Kaka, guba ce a jikinsa, kuma ba baƙo ba ne, naki ne ya dawo gida. Hadari na haɗuwa a gabas, wa ke da kwana uku? An raba wa kowane gida da tiya, mun yi binne. Kwana huɗu sungumi bai huta ba. Yanzu duk iri na cikin ƙasa yana jiran ruwa.

Takardarka na karanta musu har zuwa jan zare. Sauran na ga sunan Ƴar Baƙa ya fito, na naɗe. Wata rana in na rasa abin yi zan duba.

Dodo ya daina jin usur.

Ɗanka,
Yahuza

*

Falanko, 25 ga Yuni 1974

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki akwai ta.

Me ka aiko mana?

Ruwa ya sauka ran goma sha uku, ruwa na gaske, ya jiƙa ƙasa har gwiwar hannu. Ya sake sauka ran goma sha takwas. Yau kwana goma sha biyu. Gonar Dodo, mai irin bariki, ta yi kore shar. Gonaki ashirin da bakwai kuwa kamar an share su. Nan tsiro ɗaya, sai ka yi taku hamsin ka ga wani. Na tona ramuka da hannuna. Ƙwayar na nan, ba ɓera, ba tsutsa, ta kumbura ta ruɓe kawai.

Ka san abin da ake faɗa? Wai na sayar da irinka a Damagaram, na cika buhunan da tsohon hatsi, na shafa masa ja don kada a gane. Dodo ke yawo da maganar gida-gida. Yana tambaya, «Wa ya ga geron nan kafin ya yi ja? Me ya sa buhu ke da ɗinki biyu? Me ya sa ya hana tsohuwa ta ciza?» Rissa ya ce shi jajayen buhuna ya ɗauka, bai san komai ba. Hadiza ƙanwata ta je rijiya, mata suka janye gugansu suka bar ta ita kaɗai. Maigari ya ce in ba a ji bayani ba zai tura wa jandarma, ƴan sandan gwamnati, a Tanut.

Ni ban ci ko ƙwaya ba, Allah na gani. Ko tsohon iri ne Inna Rabeka ta ba da? Ko Abdu ne? Ka yi magana. Kada ka bar wannan ta zauna a akwatin Kano.

Yahuza

*

Nguru, 21 ga Yuni 1974

Ɗana Yahuza,

Alheri da salama. Mun sami takardarka ta biyu ga wata, mun yi murna ƙwarai. Muna lafiya. Na ji ruwa ya sauka a wajenku, yanzu na san gero ya fara rufe ƙasa. Ka auna mini tsawonsa da yatsa ka rubuto.

Rabeka ta shuka nata daga dammunan da aka sussuka muku, kwana huɗu ya fito, ba ramin da ya ƙi. Har ta rage wajen rabin buhu a tukunyar ƙasa. Ta ce a gaya wa Gwaggo irinta bai tsufa ba.

An gaya mana Ƴar Baƙa ba za ta wuce wannan shekara ba. Sulemanu za a kai shi koyon dizal, ni ban sani ba tukuna, dizal ba ya buƙatar mai shebur. Ina da hutun mako biyu da ban taɓa ɗauka ba, amma ba na son barin ta a hannun wani cikin ƴan kwanakin da suka rage mata.

Ina fata ƙamshin nan bai fita ba kafin ya iso ku.

Kawunka,
Dawuda

*

Falanko, 4 ga Yuli 1974

Kawu Dawuda,

Ina gaishe ka, don an ce dole ne. Ka gaida Inna Rabeka, ita ba ruwanta. Matta ba ta ci abinci ba tun jiya.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta ashirin da ɗaya ta iso jiya da safe, kana tambayar tsawon gero. Tsawonsa ƙasa ne, Kawu. Auna da yatsanka.

Maigari ya tara mutane gindin aduwa, ya ce in karanta. Na karanta duka, don yanzu ba ni da bakin tsallake komai. Da na ce na Rabeka ya fito kwana huɗu, Dodo ya tafa hannu. «Kun ji! Iri lafiya ya bar Nguru. A hannun wa ya mutu?» Na ci gaba har layin ƙarshe. Sai Matta, da aka zaunar kan tabarma a gefe, ta ɗaga sandarta.

«Tsaya. Wane ƙamshi?»

Na ce, «Kaka, surutun Kawu ne.»

«Iri ba ya ƙamshi. Waccan takardar da ta zo da buhu, ka karanta mana ita duka?»

Na hau naɗe takardar da ke hannuna.

«Da kai nake, mai boko.»

Na ce na bar maganar jirgi.

«Tashi ka ɗauko. Ka karanta har da jirgin.»

Na ɗauko. A gaban mutum sama da sittin na fara ganin abin da ka rubuta, ni ma a lokacin nake jinsa. Famfon Malam Madori. Kwanon rufi. Tukunya. Yini biyu. Da na kai ga «ƙamshin tumu» sai da na maimaita layin.

Matta ta ce, «Tumu. Ɗan ƙanena ya gasa mana iri. Har yana juyawa da shebur kada gefe guda ya tsira.» Sannan ta juyo wajen da take jin numfashina. «Kai kuma ka shafa masa ja, ka ƙwace daga bakina. Haƙori biyu suka rage mini, da su kaɗai da na gaya muku gasasshe ne. Ɗaya ya bar gona ya bi ƙarfe, ɗaya ya bar gona ya bi takarda, kun haɗu kun kashe mini iri.»

Kawu, kai wane irin mutum ne? A ƙasar gero aka haife ka! Ko jaririn Falanko ya san ba a kai iri kusa da murhu. Riga ce? Kifi ne? Matarka na noma shekara ashirin, ba ka iya tambayarta ba? Kuma abu mafi girma a takardar, ka cusa shi tsakanin garin kwal da wutsiyar saniya!

Nawa laifin na faɗe shi a wurin, a tsaye, ba wanda ya matsa mini. Na tsallake. Na hana cizo. Na hana tsumma. Da na karanta layi goma ɗin nan a watan Mayu, da mun karɓi na bariki ko mun aiko a kawo sauran na Rabeka.

Na ɗauka maganar sata ta mutu ke nan. Ina! Dodo ya miƙe ya gyara hula. «Jama'a, kwanan baya takardar nan ba ta da tukunya, yau ta haifi tukunya. Gobe me za ta haifa, raƙumi? Shi ke karantawa, shi ke rubutawa, da bakinsa ya ce yana cire abin da ya ga dama. Wanda ya iya cirewa bai iya ƙarawa ba? Cikinku wa ya taɓa ganin jirgin ƙasa, balle tukunyarsa?» Aka yi ta gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona mini rai, in da ni ne a zaune da haka zan ce.

Maigari ya yanke: daga yau takardar da ta bi ta bakina ba shaida ba ce. Ya ba ni kasuwa biyu, wato mako biyu. In ba a ga mai magana ba, jandarma.

Saboda haka kada ka rubuto. Ka ji? Kada ka rubuto. Ko shafi goma ka cika da neman gafara, ni ne zan karanta, ba kuma mai yarda.

Kana da hutun mako biyu, da hannunka ka faɗa. Ɗauke shi. Ƴar Baƙa ta yi shekara ashirin da ɗaya tana ganinka, Matta kuwa ba ta ji muryarka ba tun kafin a haife ni. Ka karɓi rabin buhun nan wurin Inna Rabeka. Matta ta ce in ya shiga ƙasa kafin ƙarshen watan nan zai iya nuna, ko bai ciyar da mu ba zai bar mana irin baɗi. Ka shiga taragon fasinja kamar kowa, can baya, nesa da wuta. Ka riƙe shi a cinya. In ya jiƙe ka bar shi a jiƙe. In ya iso, Matta za ta ciza, ta ɗaure a tsumma, ni kuma in zauna in rufe bakina kwana uku.

Sannan ka tsaya gindin aduwa ranar kasuwa, gaban maigari da Dodo da gidaje ashirin da bakwai, ka faɗa da bakinka abin da ka yi wa buhunan nan a Kano, da wanda ya yi ɗinki na biyu. Ka nuna musu tabon wuta a hannunka in sun ce ba a yi jirgi mai tukunya ba.

Shekara da shekaru kana so Falanko ta ji labarin Ƴar Baƙa. To ga Falanko duka ta zauna tana jira. Ba mai tsallake maka layi, ba dattijon da zai yi barci. Zo ka ba su.

Yahuza